Fitilar Gaba Ta Dushe: A Goge Ta Ko A Sayi Wata?

Kafin hasken fitilar mota ya sauka a kan titi, sai ya bi ta matakai huɗu: wutar da waya ke kawowa daga batir, ƙwan da ke kamawa, madubin ciki da ke tattara hasken ya tura shi gaba, da kuma murfin waje da hasken ke ratsawa. Kowanne daga cikinsu yana iya cinye hasken, kuma maganin kowanne daban ne, kuɗinsa ma daban. Asarar da aka fi yi a wannan harka ita ce a kashe kuɗi a kan matakin da lafiyarsa lau. Wani zai sayi ƙwai mai tsada alhali murfin ne ya mutu, wani zai wuni yana gugar murfi alhali madubin ciki ne ya ƙone. Saboda haka kafin a zaɓi guga ko saye, sai an fara gano inda hasken ke ɓacewa.

Fara da binciken da ba ya cin kuɗi

Wanke fitilar da ruwa da sabulu, sannan ka watsa mata ruwa ka duba tun tana jiƙe. Idan ta yi garau da ruwa a jikinta, amma da ta bushe dishi-dishin ya dawo, matsalar a fatar waje take, kuma guga za ta yi maganinta. Shafa da yatsa ma yana nunawa: murfin da rana ta ci yana da kaushi. Idan kuwa waje sumul yake amma duhun yana nan ko da ruwa, lalacewar tana ciki ne, ko a cikin naman robar.

Daga nan ka haska tocila a gefe, ka matso da ido. Abu uku ake nema. Na farko ƙananan tsage-tsage masu ƙyalli da suka nutse cikin robar. Waɗannan ba sa fita da guga, domin sun wuce inda samfefa za ta kai. Na biyu madubin ciki: ya kamata ya riƙa sheƙi ko'ina, musamman daidai saman ƙwan inda zafi ke taruwa. Idan wurin ya yi toka-toka, ko ya yi ruwan ƙasa, ko yana ɓarewa, ya ƙone. Na uku alamar ruwa: layin da ruwa ya kwanta ya bushe, ko tsatsa a soket.

Sai wuta. Da mitar awon wuta, inji yana aiki, fitila a kunne, auna kan batir. Yawanci za ka ga tsakanin volt 13.8 da 14.4. Sannan auna a bayan soket ɗin ƙwan ba tare da ka cire shi ba. Idan bambancin ya wuce rabin volt, waya ko makunni ko wayar ƙasa, wato wadda ke mayar da wuta jikin mota, na shanye wutar. Ƙwan halojin, wato ƙwan da aka saba mai zare a ciki, ba ya yafe wannan ko kaɗan: wuta ta ragu da kashi 10 cikin 100, haske ya ragu da kusan kashi 30. Tsohuwar motar da wutar fitilarta ke bi ta makunnin sitiyari kai tsaye tana yawan fama da haka. Maganin shi ne a kankare inda wayar ƙasa ta kama jikin mota, a canza soket ɗin da ya narke, in ta kama a ja sabuwar waya mai kauri daga batir ta fiyus da rile, wato ƙaramin makunnin da wuta ke kunnawa. Aiki ne mai araha, kuma ba guga ko sabuwar fitila da za ta maye gurbinsa.

Abin da ya sa murfi ke yin rawaya

Tun daga shekarun 1980 masu ƙera motoci suka fara barin gilashi suna komawa robar polikabonet, saboda ba ta da nauyi, tana jure bugun tsakuwa, kuma tana karɓar kowace irin siffa. Rauninta biyu ne: tana saurin karcewa, kuma hasken UV na rana, wanda ido ba ya gani, yana cin ta. Don haka a masana'anta ake shafa mata wata siririyar fata mai tauri da ke tare wannan haske. Rawayar da kake gani, galibi wannan fatar ce ta tsufa ta farfashe, tare da saman robar da ke ƙarƙashinta. Zafin ƙwai daga ciki, ƙurar hanya da sabulu mai kaifi suna ƙara gaggauta abin.

Wannan ne ya sa duk gyaran gaskiya yake da rabi biyu: a cire matacciyar fatar, sannan a sa sabuwa. Wanda ya yi rabin farko ya tsaya, ya bar robar tsirara a gaban rana, kuma cikin 'yan watanni za ta koma rawaya, sau da yawa fiye da yadda take a da.

Akwai awon da ya dace a riƙe a kai. A shekarar 2018 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada fitilun da suka dushe, ta samu cewa a dim suna ba da kashi 22 cikin 100 kacal na hasken sabuwar fitila. Guga ta dawo da hasken zuwa kusan kashi 70. Sababbin fitilu na wasu kamfanoni da ba na asali ba sun kai tsakanin kashi 83 da 90, na asali kuma ya dawo da shi cikakke. Ma'ana, guga tana ninka hasken kusan sau uku da ɗan kuɗi kaɗan, amma ba ta kai sabo. Wanda tuƙinsa na cikin gari ne mai fitilun titi, kashi 70 ya wadace shi. Wanda ke doguwar tafiyar dare a hanya mai duhu, ragowar kashi 30 ɗin ba abin rainawa ba ne.

Dabarun minti biyar

Man goge baki yana ɗan aiki a kan dushewa mai sauƙi, domin akwai abin kankara mai laushi a cikinsa, amma ba ya cire fatar da ta mutu sosai kuma ba ya barin kariya. Shafa mai ko feshin mai yana cike ƙananan ramuka ne kawai, ruwan sama na farko ya tafi da shi. Masu haɗari su ne maganin sauro mai sinadarin DEET, da man birki, da tina, da asiton. Sheƙin da suke bayarwa narkewar saman robar ne. Bayansa sai danƙo, sai tsage-tsagen da ba su da magani, ga kuma fentin bamba da ke lalacewa in suka ɗiga. Akwai kuma kofin tururi da ake sayarwa, wanda ake dumama wani ruwa a ciki a bi murfin da tururinsa. Yana fitar da sheƙi nan take, amma shi ma narkar da sama yake yi, tururin yana da illa ga mai shaƙa, kuma bai ɗauke buƙatar kariya daga rana ba.

Guga yadda ya kamata

Kayan aiki: samfefa ta ruwa mai lamba 600, 800, 1000, 1500, 2000 da 3000, rabin falle na kowace ya isa fitila biyu, salatif na masu fenti, kwalbar feshi da ruwa da ɗigon sabulu, ƙyalle mai laushi, man sheƙi na roba ko na fenti, da abin da za a rufe da shi a ƙarshe. Lambar samfefa tana ƙaruwa, laushinta na ƙaruwa.

A zagaye fitilar da salatif ninki biyu ko uku, domin gefen samfefa kan ci fentin bonet da bamba cikin daƙiƙa. A jiƙa takardun na kamar minti 10. Idan fatar ta farfashe sosai a fara da 600, in dushewar ba ta yi nisa ba 800 ko 1000 ya isa. A naɗe takardar a jikin soso mai ɗan tauri don kada yatsu su haƙa kwari, a riƙa gogawa a miƙe, hagu da dama, ruwa na zuba ba yankewa. Ruwan da ke gangarowa da farko rawaya ne. Wannan matacciyar fatar ce. Idan ya koma fari kamar madara, an kai ga lafiyayyar roba.

Matakin farkon nan shi ne dukan aikin, kuma a nan yawancin mutane ke gaggawa. A share murfin a bar shi ya bushe a duba: ya kamata ya yi fari-fari iri ɗaya tun daga wannan gefe zuwa wancan. Duk inda aka ga wani tsibiri mai sheƙi ko mai duhu, tsohuwar fata ce ta rage, kuma takardu masu laushi ba za su cire ta ba. Za ta fito a ƙarshe a matsayin tabo mai gefe. Gara a ƙara minti goma a kan 600 da a gama komai a dawo farko.

Kowace lamba ta gaba a canza mata hanya: in an yi 600 a kwance, a yi 800 a tsaye, 1000 a kwance. Hikimar ita ce idan layukan lambar baya suka ɓace gaba ɗaya, ka san lokacin wucewa ya yi. Kada a tsallake daga 800 zuwa 2000, domin karcen 800 zai zauna a ƙarƙashin sheƙi, da dare ya riƙa watsa haske. Fitila ɗaya da hannu tana cin kusan awa guda. Mai amfani da injin huda da faifan guga ya rage gudu, kada ya tsaya wuri ɗaya, domin polikabonet na yin laushi da zafi ya bar tabon da sai an sake komawa lamba mai kaushi.

Daga lamba 800 hanya ta rabu uku, kuma a nan ne tsawon ran aikin yake.

Hanya mafi sauƙi ita ce a kai har 3000, a goge da man sheƙi, a wanke maiƙon tas, a shafa ruwan kariya daga UV irin wanda ke zuwa cikin kayan gyaran fitila na kamfanoni kamar 3M, Sylvania ko Cerakote. Ana shafa shi layi-layi sau ɗaya, ba a komawa kan wurin da ya fara kamawa, kuma kada ruwa ko raɓa ta taɓa shi sai ya cika lokacin da aka rubuta a jikin kwalin. Yakan kai shekara ko fiye, gwargwadon yadda motar ke kwana da wuni a rana, sannan a sabunta. Kakin goge mota shi kaɗai ba kariya ba ne mai ɗorewa. Makonni yake yi.

Hanya ta biyu ita ce fesa fenti marar launi mai haɗi biyu, wato 2K, irin wanda ake rufe fentin mota da shi. A nan ba a kai guga har 3000, kuma ba a sa man sheƙi sam. A tsaya a 800, domin fentin yana buƙatar kaushin da zai kama. Shi da kansa zai cike karcen murfin ya yi garau. A rufe gaban motar duka da takarda, ko ma a ciro fitilar. Feshin farko ya zama siriri ƙwarai, a jira kamar minti 10, sannan a bi da biyu masu ɗan kauri. Feshin farko mai nauyi shi ke jawo matsala: ruwan da ke cikin fentin yana ratsa robar ya tsattsaga ta, ko fentin ya zubo. Gwangwanin 2K da zarar an fasa maɓallin ƙasansa, kwana ɗaya ko biyu kawai yake yi kafin ya daskare, don haka a shirya fitilu biyun tare. Kuma yana ɗauke da sinadarin isosayanet mai cutar da huhu. Takunkumin ƙyalle ba ya tare shi, sai na masu fenti mai matata, a wuri mai iska. Wannan hanya ita ta fi daɗewa, shekaru take yi. Wanda ba shi da kayan kariya ya yi gugar da kansa, ya kai wa mai fentin mota ya fesa, abin da zai biya kaɗan ne. Fenti marar launi na gwangwani mai araha, marar haɗi biyu, shi kansa yakan yi rawaya ya ɓare, a koma gidan jiya.

Ta uku ita ce a goge har sheƙi a manna leda mai kariya, irin wadda ake manna wa fentin gaban mota. Tana tare rana da tsakuwa, in ta tsufa a ɓare a sa wata ba tare da an sake cin robar ba. Wahalarta mannawa a murfi mai lanƙwasa. A guji mai duhu ko mai launi, domin hasken da aka sha wahalar dawowa da shi take cinyewa.

Inda guga ba ta da amfani

Madubin ciki ƙura ce ta alminiyam siririya ƙwarai da aka lulluɓa a kan roba ko ƙarfe. Ko ƙyalle mai laushi yana share ta, shi ya sa ba a taɓa shi da hannu. In ya ƙone, fentin azurfa ko na kurom ba ya mayar da shi, watsa haske kawai zai yi. A fitila mai majigi, wadda ke da ƙwayar gilashi zagayayya, ƙonewar tana ɓuya a cikin ƙaramin kwanon da ke bayan ƙwayar. Waje garau, ƙwai sabo, amma haske a ƙasa babu. Sai an cire ƙwan an leƙa da tocila ake ganewa.

Batun ruwa yana da mataki. Ɗan gumi a kusurwa da safe wanda ke ɓacewa bayan an kunna fitila ba laifi ba ne, domin fitila tana da kafofin numfashi a bayanta. Ɗigo manya ko ruwa kwance kuwa yoyo ne. A fara duba murfin roba na bayan ƙwai, da kafofin numfashin ko sun toshe, kafin a zargi bakin murfi. Kuma kada a toshe kafofin da gam, hakan yana kulle danshin a ciki ne.

Idan madubi lafiya lau amma murfin ya tsage, akwai tsaka-tsakin hanya: ana sayar da murfi zalla na motoci da yawa. Fitilar da aka haɗa da baƙin gam mai laushi na butil tana buɗewa in an dumama bakinta da bindigar zafi, a sa sabon gam a mayar. Wasu kuwa an haɗa su da gam mai tauri da zafi ba ya sassauta shi, buɗe su yakan ƙare da karyewar baki da yoyo na dindindin. A bincika irin gam ɗin motarka kafin a sayi murfin.

In saye ya zama dole

Ta asali sabuwa ita ce mafi kyau kuma mafi tsada. Kamfanoni irin su Koito, Stanley, Hella da Valeo ne ke ƙera wa masu motoci, kuma sau da yawa sunansu na jikin murfin. Wani lokaci ana samun fitilar a kwalin maƙerin da rahusa fiye da kwalin kamfanin motar. Ga tsohuwar mota mai halojin, sabuwar fitila daga kamfanoni sanannu kamar TYC ko Depo ita ce ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi: haskenta ya fi na guga, sai dai zamanta a jikin mota kan ɗan bambanta, kuma fatar kariyarta ba lallai ta kai ta asali daɗewa ba. A nemi alamar E a cikin da'ira ko DOT a jikin murfin, wato alamun cika ƙa'idar Turai ko ta Amurka. Marasa suna masu ado da zobban haske, waɗanda ba su da ko ɗaya daga alamun nan, su ne ke zuwa da haske a warwatse da yoyo tun damina ta farko.

Ta hannu daga motar da aka wargaza tana iya zama ciniki mai kyau, musamman ta asali da murfinta ya dushe amma cikinta lafiya, domin an riga an san maganin dushewa. A duba kunnuwan da ake ɗaure ta da su. Wanda aka liƙa da gam zai sa haske rawa a hanya. A juya kusoshin saiti a ga madubin na motsi. A ƙirga ƙafafun soket, a gwada lambar kaya, domin mota ɗaya tana iya samun fitila iri biyu ko uku: ta halojin, ta HID mai ƙwan iskar gas marar zare, da ta bayan da kamfani ya sauya fasalin gaban motar. Sannan a kula da hannun tuƙi. Hasken dim yana ɗagawa ta gefen bakin hanya. Fitilar da aka yi don ƙasashen da ake bin hagu, kamar Ingila da Japan, in aka sa ta inda ake bin dama, cikin idon masu tahowa za ta riƙa haskawa. A fitilu masu alamar E, kibiya mai nuna dama tana nufin ta bin hagu ce, rashin kibiya ta bin dama, mai kai biyu kuma tana yin duka.

Motocin zamani masu LED a rufe lissafinsu daban ne. Ba a canza musu ƙwai, fitila ɗaya tana da tsada ƙwarai, wasu ma sai an saita su da kwamfuta. A nan guga da feshi mai kyau sun cancanci duk wahalarsu. Tsofaffi masu murfin gilashi kuwa ba sa rawaya. In tsakuwa ta cinye su sai canji.

Ƙwai da saiti

Ƙwan halojin yana raguwa a hankali kafin ya mutu, don haka a canza biyu tare, da lambar da motar ta zo da ita: H4 mai wat 60/55, H7, H1 da H11 masu wat 55. Kada a taɓa gilashinsa da yatsa, maiƙon hannu yana tara zafi ya rage masa rai. Ƙwai mai wat 100 shi ne babban mai ƙona madubi da narkar da soket. Mai shuɗin gilashi yana tace haske ne, fari yake ƙarawa ba gani ba. Ƙwan LED ko HID a cikin fitilar da aka ƙera don halojin yakan ɓata tsarin hasken, domin an lissafa madubin ne a kan daidai inda zaren ƙwan yake zama. Direba ya ga gabansa kusa ya yi fari, nesa kuwa babu, masu tahowa suna shan wahala, kuma dokar ƙasashe da dama ta hana. Mai HID ta asali ya kashe komai kafin ya taɓa, wutar tayar da ita tana haura volt 20,000.

Ko guga aka yi ko canji, in dai fitilar ta motsa daga mazauninta sai an yi saiti. A sami fili mai lebur da bango, iskar tayoyi daidai, but ba kaya mai nauyi, maɓallin ɗaga haske na ciki a kan 0. A matso da motar dab da bango a sa alama da salatif daidai tsayin tsakiyar kowace fitila, sannan a ja baya a miƙe mita 10. A jikin fitilu da yawa an rubuta 1.0% ko 1.2%, ma'anarsa a nisan mita 10 layin saman hasken dim ya sauka santimita 10 ko 12 ƙasa da alamar. Wani ya tsaya gaban fitila ɗaya ya tare ta yayin da ake juya kusar ɗayar, rabin juyi a lokaci guda, kuma kusurwar da hasken ke fara ɗagawa ta tsaya daidai kan alamar tsakiyar fitilar. In kusar ta yi tauri a fesa mata ɗan mai a jira, domin haƙoranta na roba ne, kuma in suka gutsure ba kasafai ake samun su su kaɗai ba.